Tallar Sabulun da Kunne Ta Haɗa

A situdiyon ba wanda ke kiranta da sunan yanka. Kunne suke ce mata, tun ranar da ta tsayar da ɗaukar murya ta ce akwai fanka tana kuka a ofishin da ke maƙwabtaka da su. Aka yi mata dariya, aka je aka duba, sai ga fanka.

A shagon babanta ta samo kunnen nan. Mai gyaran rediyo ne da lasifika, kuma tun tana 'yar mitsitsiya take zama kan benci tana riƙe masa waya yana liƙewa da dalma. Da ta girma ita ke gyara rabin kayan, amma in mai kaya ya yaba, amsarta ɗaya ce: "Baba ne ya gyara." Haka aka koya mata, kuma ba ta taɓa jin an tauye ta ba. Aikin da ya fita daga shago na mai shago ne.

Da ta gama makaranta ta samu gurbin koyon aiki a wani ƙaramin situdiyo da ke haɗa tallace-tallacen rediyo. Ɗaki biyu ne a saman bene, an manna soso a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Mai wurin, wanda kowa ke kira Oga, mutum ne mai faɗa, amma faɗansa ba ya kwana. Ya fara ba ta aikin yanke numfashi da tari daga muryar masu karanta talla. Akwai wani mai koyon aiki irinta, Dogo, wanda ya fi ƙwarewa a naɗe kebur da ba da labari.

Wata rana aka kwantar da matar Oga a asibiti, ga tallar sabulu ana jira. Kunne ta zauna ta haɗa ta kaf. Ƙarar ruwan da ke ciki ma ita ta ɗauka, tana matse tsumma cikin bokiti a banɗaki. Dogo ya danna maɓalli lokacin da mai karatu ke karantawa. Talla ta karɓu, har yara na rera waƙarta a hanya.

Da wa'adinsu ya kusa cika, Oga ya kira su. "Ni dai ba ni da kujerar da zan ba kowa," in ji shi. "Akwai taron 'yan sana'a ranar Asabar. Ku je ku san mutane, su ma su san ku. Ke Kunne, ki buɗe baki, ban ce ki je ki tsare bango ba."

Ta san abin da ke gabanta. In ba ta samu wanda zai ɗauke ta ba, sai dai ta koma bencin shagon babanta.

A ɗakin taro na wani otal aka yi. Masu fim, masu zane, masu ɗaukar hoto, kowa da kofin lemo a hannu, kowa yana magana yana leƙen bayan abokin hirarsa ko zai hango wanda ya fi shi. Kunne ta tsare bango, kamar yadda aka hana ta. Can sai wata mata mai gilashi ta karanta katin da ke rataye a wuyan Kunne, ta tsaya. Shugabar wani kamfanin shirya fina-finai ce, kuma kowa a ɗakin ya san tana neman mai haɗa sauti.

"Ku ne kuka yi tallar sabulun nan? Ruwan nan ya burge ni. Wa ya haɗa?"

Kunne ta ɗan rusuna. "Aikin Oga ne, ranki ya daɗe."

"Ke fa, me kike yi a wurin?"

"Ina dai taimakawa."

Matar ta yi murmushi ta wuce. Ba ta yi nisa ba Dogo ya tare ta da hannu biyu. Kunne tana jin sa daga inda take, ai kunnen ke nan. "Tallar sabulu? Ni na ɗauki muryar!" Kuma ba ƙarya ya yi ba, shi ya danna maɓalli.

Ranar Litinin ta ba Oga labari tiryan-tiryan, tana jiran ya ce ta kyauta. Ya dafe kai.

"Na aike ki ki tallata kanki, kin je kin tallata ni? Ni aiki nake nema?"

Nan take ya kira matar mai gilashi ya faɗa mata gaskiya. Ta ce kash, ta riga ta yi wa Dogo alkawarin aikin, ba za ta janye ba, amma za ta riƙe sunan yarinyar a rai. Kunne ta ji haushi ƙwarai, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta ga wanda za ta ɗora wa laifi ba.

Yanzu tana shagon babanta. Ta ajiye kwamfuta a lungun da ake tara matattun lasifika, tana haɗa 'yan ƙananan ayyukan da Oga ke turo mata jefi-jefi. Matar ba ta kira ba tukuna.

Kwanan baya wani direba ya kawo rediyon motarsa. Ta gyara, ta kunna don gwaji, sai ga tallar sabulu, ruwa na zuba cikin bokiti. Direban ya kaɗa kai ya ce yana son tallar nan. Baba na gefe yana hura dalma. Kunne ta dube shi, ta dubi direban.

"Ni na haɗa ta," ta ce.

"To, madalla," in ji direban. "Rediyon fa, wa ya gyara?"

Ba ta kai ga buɗe baki ba Baba ya amsa, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ita ce."