Ranar da Baba Ya Jefa wa Ƙaryata Ƙuri'a

Ranar Litinin, ɗaya ga watan Oktoba na shekarar 1979, ranar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, duk unguwar Sheshe babu gidan da rediyo ba ta magana. A gidanmu an kifa turmi a tsakar gida an ɗora tamu a kai, tana ta zubo badujala da dogayen jawabai na Turanci waɗanda Baffa Sani, ƙanen mahaifina, shi kaɗai ke ganewa, ya riƙa gutsuro mana kaɗan-kaɗan da Hausa. An yi ɗan yayyafin ƙarshen damina da asuba, ƙasa tana ƙamshi, mata sun dafa sabuwar gyaɗa faranti guda, babu makaranta, kowa bakinsa har kunne. Ni kaɗai ne raina yake a ɓace. Da safiyar nan kakata, wadda muke kira Iya, ta ja ni ɗakinta ta miƙo mini allura da wani ƙyallen farin yadi, ta ce saƙon Baba ne: daga mako mai zuwa zan bar boko in zauna a zaure in koyi aikin riga. Shekarata goma sha biyu, ina ajin ƙarshe na firamare, kuma hedimasta ya riga ya faɗa mana cewa ranar Alhamis zai rufe ɗaukar sunayen masu jarrabawar shiga sakandare, sai yaron da ubansa ya zo da kansa za a rubuta.

Laifina ɗaya ne, ina da in'ina, kuma ba 'yar ƙarama ba. Idan malami ya ce, "Habibu, tashi!" sai amsar ta zo mini har bakin haƙora ta tsaya cik. In yi ta buga ƙafa a ƙasa, jijiyar wuyana ta miƙe, yara su fara ƙyaƙyata, malam ya gaji ya ce in zauna. Amma in aka ba ni fensir da takarda, to an sako ni. A takarda babu abin da ke maƙale mini. Sai dai ajinmu ya cika maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa, malam bai da lokacin bin diddigin kowa, kuma ya yanke a ransa cewa yaron da ba ya iya faɗin biyu da biyu, in ya rubuta daidai to leƙen na kusa da shi ya yi. Wata rana suka haɗu da Baba a ƙofar masallaci, ya ce masa, "Malam Ubale, yaron nan naka ba ya buɗe baki, gara a nema masa sana'ar hannu tun da wuri."

Da wani ɗan ne cikin 'ya'yansa, na san Baba zai tsaya ya yi tambaya. Amma ni ɗan fari ne, kuma mutanen da suna kunyar ɗan fari ƙwarai. Tun da aka yaye ni a ɗakin Iya na tashi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, "yaron nan" nake a bakinsa, in kuwa muka yi kiciɓis a soro sai ya kau da kai kamar yana neman wani abu a bango. Mahaifiyata ma ta fi shi, ko ruwa za ta aike ni sai ta faɗa wa ƙanwata Ladidi ta faɗa mini. Ba ƙiyayya ba ce, tarbiyyar ke nan, mutumin kirki ba ya zama a yi ta zancen ɗansa na fari yana saurare, balle ya tsaya kare shi. Saboda haka da malam ya faɗi tasa, Baba ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya sa takalminsa. Shi allo da littattafan addini ya karanta, ba ya karatun boko, bai taɓa buɗe littafina ba. Baffa Sani ya gwada yi masa bayani har sau biyu, duk lokacin da ya ambaci sunana sai Baba ya ɗauko zancen tsadar zare. Iya kuwa in ta yabe ni, kowa ya san yabon kaka ga jika rabinsa wasa ne.

Wuri ɗaya ne a duniya nake da baki, wato wajen wani wasa da Baffa Sani ya kawo mana daga kwalejin horon malamai a dogon hutun shekarar. Su a can da ƙamus suke yi. Mu ba mu da ƙamus, amma muna da Iya, wadda ubanta bafatake ne, tana yarinya ta bi ayarin jakuna zuwa ƙasashen goro, ta kuma yi kaɗi shekaru aru-aru, kanta cike da tsofaffin kalmomin da babu mai amfani da su. Sai ta faɗi kalma ɗaya da ƙarfi, ta raɗa wa Baffa ainihin ma'anarta ya rubuta. Mu kuma kowa ya karɓi 'yar takarda ya juya baya ya ƙirƙiro tasa ma'anar, yadda za ta yi kama da gaskiya. Baffa ya haɗa takardun a hularsa ya cakuɗa, ya karanto su ɗaya bayan ɗaya da murya iri ɗaya, ba dariya, ya jera su a tabarma. Kowa yana da ƙwallon dabino guda, ya ɗora a kan wadda ya yarda ita ce ta gaske. In ka dace ka ci ɗaya, in kuma wani ya faɗa wa taka ƙaryar, ka ci ɗaya a kansa. Da yake lokacin zaɓe ne, gari duk hotunan 'yan takara, sai muka sa wa ƙwallon suna ƙuri'a, wasan kuma muka riƙa ce masa zaɓe.

Ba a zama sai an gama aiki. Sai mun cika randuna daga famfon bakin titi, mun jiƙa wa awaki dusa, mun dawo daga makarantar allo ta yamma, sannan a shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Iya, mu da 'ya'yan maƙwabta mu kai takwas ko tara. A nan na san taskira ɗan kwandon masu kaɗi ne, angurya kuma 'ya'yan auduga. Ladidi, uwar surutu, ba ta taɓa cin kowa ba, domin ita kowace kalma abinci ce, in ba wani irin ƙosai ba to wata irin miya. Ni kuwa na gano sirrin abin da wuri: ƙaryar da ake yarda da ita ita ce mai ɗan ƙaramin bayani wanda ba wanda zai yi zaton an ƙirƙira, kamar a ce da fatar wace dabba ake yi, ko a wane wata ake samu. Ƙuri'u suka riƙa taruwa a kan takarduna. Daɗin da nake ji ba na cin ba ne kawai. Jin maganata nake tana fita sumul daga bakin Baffa, ba tsayawa ba buga ƙafa, kowa ya yi tsit yana saurare.

A ranar miƙa mulkin, bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarma kamar kullum. Ban so fitowa ba, Iya ce ta leƙo ta ce, "Angona, fito mana, ko ka sake ni ne ban sani ba?" Mun yi zagaye biyu ke nan sai ga Baba ya shigo daga zaure zai ɗebi garwashin guga. Ya tsaya da kasko a hannu yana jin Baffa na karanto wata ƙatuwar ƙarya ta Ladidi, ya ɗaure fuska.

"Sani, yanzu ƙarya kake tara yara kana koya musu?"

Kafin Baffa ya buɗe baki Iya ta karɓe. "Ƙaryar da ake tonawa nan take ai ba ƙarya ba ce, Ubale. Ajiye kaskon nan ka zauna. Yau an ce kowa ya samu 'yanci, bari mu ga ko kai za ka gane gaskiya in an jera maka ita."

Babu mai musu da Iya a gidan nan. Baba ya zauna a bakin tabarma, ya ba ni gefen kafaɗa, aka miƙa masa ƙwallon dabino yana juya shi a tafin hannu. Iya ta ce kalmar ta fatake ce, sunanta waga. Na juya baya da takardata. Na tuna labaran da Iya ke ba ni na tafiya a daji da ƙishirwa, na rufe ido na rubuta abin da ya zo mini.

Baffa ya karanto su. Wata ta ce ƙararrawar wuyan jakin gaba ce. Ta Ladidi ta ce dambun da ake ci a hanya ne, kowa ya gane mai ita. Wata ta ce jakar fata ce da ake zuba goro a ɗora wa jaki, ɗaya dama ɗaya hagu. Sannan ya zo kan tawa: "Waga 'yar rijiya ce da fatake ke haƙawa a cikin yashin busasshen kogi idan sun sauka zango. In za su tashi ba sa cike ta, sai su rufe bakinta da ƙaya kada dabbobi su ɓata, saboda ayarin da ke zuwa a baya, ko da ba su san su ba."

Yara suka ce babba ya fara. Baba bai yi wani dogon tunani ba, ya miƙa hannu ya ɗora ƙwallonsa a kan takardata. "Wannan ce," in ji shi. "Sauran duk maganar yara ce. Wannan kuwa wanda ya faɗe ta ya san tafiya, ya san mutane. Ji yadda aka jera ta, ko a littafi sai haka." Ganin haka yara duka suka bi shi, ƙuri'u suka taru a kaina tuli. Ni na ɗora tawa a kan ƙararrawa, kaina a sunkuye.

Iya ta yi dariya har da tari. "Jikan fatake guda bai san waga ba! Jakar goro ce, Ubale, ita ubana ya yi ta ɗaurewa har ya tsufa."

"To wannan ɗin ta waye?" in ji Baba.

Ladidi ce ta kasa riƙewa, ta ce, "Ta Yaya Habibu ce! Kullum shi yake cinye mu!"

Baba bai dube ni ba, awaki ya zuba wa ido. Can ya ce, "Sani, sake karanto ta." Baffa ya sake, a hankali. Baba ya tashi ya ɗauki kaskonsa ya koma zaure, ko garwashin bai ɗiba ba. Ni dai na ce shi ke nan, na ƙara ɓata lamarina, na kunyata shi a gaban yara da ƙarya. Talata ta wuce, Laraba ta wuce, babu wanda ya ce mini komai, allura da ƙyalle suna nan a kan gadon Iya.

Ranar Alhamis da safe na ɗauki jakata na kama hanyar makaranta, can wajen Ƙofar Mazugal, ina lissafin saura kwana biyu in rabu da ita. Na waiwaya a wani lungu sai na hango Baba a baya, nesa da ni, cikin rigarsa ta zuwa masallacin Juma'a. In na tsaya ya tsaya yana gaisawa da mutane, in na tafi ya taho. Haka muka je har makaranta, bai matso ba. Ana cikin darasin farko aka aiko in je ofis. Na tarar da shi zaune a gaban hedimasta, babban littafin sunaye a buɗe.

"Madalla, Malam," in ji hedimasta yana cire murfin alƙalami. "Yaya sunan yaron?"

Baba ya buɗe baki, ya rufe. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, na ga maƙogwaronsa yana motsi. Na san wannan tsayuwar, babu wanda ya kai ni saninta. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar takarda a ninke, ya tura wa hedimasta. Daga inda nake tsaye na hango rubutun, da tawadar allo, da ajaminsa mai kyau, sunana ne cikakke haɗe da nasa. Ashe tun daga gida ya san ba zai iya ba, ya yi shiri. Ranar na gane shi ma akwai kalmar da ke zuwa masa har bakin haƙora ta ƙi fita, kuma ba don ba ta cikin zuciyarsa ba. Na yi ta haɗiye kuka har ya fita, bai waiwayo ba.

Na ci jarrabawar, na yi karatu, na zama malamin makaranta har na yi ritaya. Yanzu zamani ya sauya, ni kaina ɗana na fari da sunansa nake ƙwala masa kira a gaban kowa, ban kuma ga laifin hakan ba. Na gwada koya wa jikokina wasan, kafin in gama faɗin kalmar wani ya latsa waya ya karanto ma'anarta, aka watse. Iya ta tafi da sauran kalmominta da ba mu kai ga tambaya ba, Baba ma ya bi ta, kuma har ya koma ga Allah ban ji sunana a bakinsa ba. Ina kewar tsakar gidan nan ƙwarai. Amma duk shekarun da na yi ina koyarwa, kowane aji na shiga, yaron da ba ya buɗe baki nake fara nema in miƙa masa takarda.