Hannun Hagun Mai Guga

Faɗana da Mai Guga a kan zanena ne. Na kai masa lafiya lau, na dawo na tarar da hoton dutsen guga a tsakiya, baƙi ƙirin.

Na ce, "Kai ɗan nan, guga na kawo ko gashi?"

Ya ce, "Yi haƙuri, Iya. Ƙirjina ne ya riƙe, na jingina, na manta dutsen yana kai."

Abin ya tsaya mini a rai. Shekara da shekaru mutumin nan yana rumfarsa a bakin layinmu, tebur ɗaya da bargo, sigari a bayan kunne, ko hankici bai taɓa ƙonawa ba. Da dutsen nan na gawayi ya sa 'ya'yansa uku a makaranta. Siriri ne kamar sandar shanya, in yana fesa wa riga ruwa da baki har haƙarƙarinsa ake gani.

Ina cikin masifa na ga yana murza hannun hagu.

"Me ya sami hannun?"

"Nauyin dutse ne. Har muƙamuƙi yake hawa."

"Da wane hannu kake guga?"

"Dama mana."

"To hagun taya dama gajiya yake yi? Zuciyarka ce, ka je asibiti."

Ya tuntsire da dariya. "Ciwon zuciya ai na masu tumbi ne, Iya. Ni ina na ga kitsen?"

Na ce masa mijina ya fi shi rama, amma hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki yana tsakiyar sa takalmi. Ƙanwata kuwa zuciyarta ce ta gaza, ƙafafu suka kumbura, ta koma barci a zaune. Na yi jinyar biyu, na ji likita da kunnena: a rage gishiri da maiƙo, a bar taba, a riƙa tattaki, a auna jini ko ana jin garau.

Ya ce, "To, likita."

Ashe maganin da ya nemo sabon dutse ne, na lantarki, mara nauyi!

Wata safiya na ji salati a bakin layi. Na fita ko mayafi babu. Ga shi kife a kan kayan mutane, dutsen ko zafi bai gama ɗauka ba. Matarsa ta ce min a asibiti an ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe. Mutumin da ko furfura bai fara ba! Allah ya ji ƙansa.

Ana gobe zai faɗi ya tare ni da sabon dutsen yana washe baki. "Iya, ɗaga ki ji, kamar takarda! Hannu ya huta."

Na ɗaga, na ajiye masa. Na ce, "Wannan kam ba nauyi. Wanda ke kan ƙirjinka fa? Ka rufe rumfar nan yau ka je a duba ka, riguna ba sa gudu."