Baba Mai Dutse da Katangar Makabarta

Kullum da hantsi za ka same shi a gangaren da ke saman makabarta, ya tsuguna gaban tarin duwatsu yana jujjuya su ɗaya bayan ɗaya. Baba Mai Dutse ke nan. Shekara hamsin da 'yan kai yana jera katanga ba siminti, ba laka, dutse kan dutse kawai. Yanzu kafin ya fito sai 'yarsa ta jiƙa masa hannuwa cikin ruwan ɗumi, don yatsun sun kanannaɗe, ba sa miƙewa da kansu.

Ka tambayi manoman gangaren nan. Ba don layukan duwatsun da ya jera musu ba, da tuni ruwa ya kwashe ƙasar gonakinsu. Wani makiyayi har gobe yana ba da labarin ranar da ya ga Baba ya rushe aikin yini biyu. Dokar aikin ita ce kowane dutse ya hau kan biyu, Baba kuwa ya gano can ƙasa ɗaya ya hau kan ɗaya.

"Haba Baba, wa zai gani?" in ji makiyayin.

"Ruwa zai gani," ya ce, ya ci gaba da rushewa.

Katangar da ke tare gangare daga makabarta ma shi ya jera ta, shekara talatin da suka wuce. Bara sai kwamitin unguwa suka ce ramukan jikinta sun yi muni, wai ƙadangaru sun mai da ita gida. Suka kawo birkila ya shafe ta da siminti, har da fenti, don iyayi. Baba ya tako har wurinsu ya ce, "Don Allah ku bar mata ramukan nan, ta nan ruwa yake fita." Shugaban kwamiti ya yi dariya ya ce, "Baba, zamani ya canza, je ka huta."

To, ga hutun! Damina na kankama ruwa ya taru a bayanta, ya rasa mafita, katanga ta yi ciki, ta fashe. Laka ta rufe layi biyu na kaburbura. Yini biyu mutane suna yashewa suna kuka kafin a gane na wane da na wane. Kabarin matar Baba yana layi na uku, taku huɗu daga inda lakar ta tsaya.

Bai buɗe baki ya ce wa kowa "ai na faɗa muku" ba. Tun kaka yake sake jerawa shi kaɗai, ga shi likita ya hana shi ɗaukar nauyi. Da 'yarsa ta tare ƙofa ta ce, "Baba, so kake hannun ya mutu gaba ɗaya?" sai ya ce, "To in bar uwarki ga laka?" Ta matsa masa ya wuce.

Yanzu katanga ta kai ƙirji. Saura manyan duwatsun da ake ɗorawa a kai, su ke danne sauran, in babu su ruwan farko zai wargaza aikin. Makon jiya ya gwada ɗaga ɗaya, ya suɓuce masa. Ya zauna a ƙasa ya daɗe yana kallon hannuwansa. Wallahi abin ya sosa ran duk wanda ya gani. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Baba, kai ne ka tare mana ƙasa, ka tsare mana mamatanmu, mu kuwa muka yi maka dariya. Ko mutum ɗaya bai tsuguna kusa da kai ya koya ba. Mun gode, Baba, ka kuma yafe mana. Allah ya sassauta maka ciwon nan.

Jama'a, kunya ta ishe mu haka. Duwatsu arba'in da ɗaya suka rage, kuma ba gwani ake nema ba, mai ƙarfin ɗagawa kawai. Baba ya ce duk mai zuwa ya zo gobe da hantsi. Zai riƙa nuna mazaunin kowane dutse da sandarsa, tunda hannun ya daina kamawa.