Bindigar Rakiyar Amarya

Ranar da aka kai ni ɗakin miji, da ƙafa muka tafi har Danja, ina lulluɓe da zanen saƙi, kayan jerena bisa kawunan mata. A gabanmu yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, saɓe da bindigar da ya gada wurin babanmu. Mu gidan maharba ne, kuma muna da al'ada: in 'yarmu ta doshi garin miji, sai a ɗura albarushi da tsumma, ba harsashi, a saki sama. Dangin ango su ji, su san amarya ta iso kuma tana da gata. Mata su amsa da guɗa.

Da na manyanta ni na zama mai guɗar dangi. A idona aka bar tafiyar ƙafa aka koma akori-kura, aka bar ƙwarya da tasa aka koma kujeru da firij, mai kalangu ya ba DJ wuri, amarya kuwa a shafe ta da hoda har uwarta ta wuce ta ba ta gane ba. Na yi ta mita, ba mai saurare. Abu ɗaya ya rage mana, bindigar Yaya da guɗata.

Sai 'yan bindiga suka addabi yankinmu, ƙarar harbi ta tashi daga albishir. Da bikin autata ya zo, Yaya ya ce ba zai ɗauko bindigar ba.

"Zamani ya juya, ƙanwata. Bar ta a rataye."

Ni kuwa zuciya gare ni, kowa ya sani. Na ce, "Yayyenta duka ka harba musu, ita tsintacciya ce? In tsoro kake ji, Yaya, ba ni in harba da kaina." Na sa kuka a gaban surukansa. Ya shiga ɗaki ya naɗo ta cikin buhu.

Bayan la'asar muka kama hanyar wani ƙauye da ke bayan Gozaki. Kaka ce, dawa ta fi mutum tsawo. Motar amarya na tsakiya, samarinmu a gaba bisa babura, uku-uku, sun ɗaure fuska da ƙyalle saboda ƙurar hanya. Abin da ba mu sani ba, a makon nan aka ɗauke wa garin mutane a gona, kuma a kan babura aka zo.

Muna fitowa daga cikin dawa Yaya ya sauka, ya warware buhu, ya ɗaga ta sama. Daram! Na toshe hanci na rangaɗa guɗa, ban kai ƙarshenta ba na ji garin ya ɗauki ihu. Mata na gudu da goyo, tukunyar biki ta kife a wuta. 'Yan sintirin garin suka fito daga bayan danga da gora da adda. Samarinmu suka watsar da babura suka faɗa gona. Yaya kaɗai ya tsaya, tsoho, bindiga na hayaƙi a hannunsa, yana cewa, "Amarya ce! Amarya muka kawo!"

Gorar farko a ƙeya ta same shi. Ya durƙusa, wani ya fizge bindigar ya karya ta a gadon bayansa, wani ya sare shi a hannun da ya kare fuska. Farar rigar da ya ɗinka don bikin ta rine ja. Na faɗa kansa, aka maka mini sanda a baki, haƙorana biyu suka zube a ƙasa. Ina ihu jini na shaƙe ni. Sai ga 'yata ta fito daga mota, ta yar da lulluɓi, tana kururuwa, "Kawuna ne! Ku bari, kawuna ne!" Uban ango ya iso a guje ba hula, ya shiga tsakani. Nan aka sauke sanduna ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi saran ya zauna daɓas a ƙasa yana salati.

A motar amarya aka kai Yaya asibiti a Funtua, bisa zannuwan lefe. Na so in tsani mutanen garin nan, wallahi na kasa, don na san wadda ta sa aka ɗauko bindigar daga rataye. Kwana biyu Yaya bai san wanda ke kansa ba. A rana ta uku ya buɗe ido ɗaya, na matso ina jiran ya ce mini ga abin da taurin kaina ya jawo.

"Ta tashi kuwa?" ya ce. "Sun ji?"

"Sun ji, Yaya."

"To, sun san tana da gata."

Ya cika kafin azahar.

Yanzu da hantsi ake kai amarya a wajenmu, mota ɗaya, an buga waya tun daga nesa an ce ga mu nan. Ranar bikin jikarsa 'yan mata suka kewaye ni, "Gwaggo, ki yi mana ko sau ɗaya." Na kai hannu na toshe hanci, na buɗe baki. Guɗar ta ƙi fita, ina ta jiran in ji ƙarar bindigar da nake amsawa.