Na Gefe Sun Yi Shunayya

A hotunan da Baba Mai Hoto ya ɗauka tun daga bara, mutane na cunkushe a tsakiya, dama da hagu kuwa bango ne zalla. Duk unguwar ba wanda ya lura sai Auta, 'yarsa, ita ma ta ja bakinta ta tsuke.

Shekara talatin da huɗu yana aiki da gilashin kyamara guda, mai faɗin gani, wanda ke kwashe mutum arba'in a layi ba ya rage kunnen kowa. Da shi yake ɗaukar ɗaliban makarantar koyon ɗinki da ke bayan shagonsa duk ranar yaye su, kowace sanye da farar rigar da ta ɗinka da hannunta. Cikin manyan ayyukansa wannan kaɗai ya rage masa. Da wurin wankin fim na ƙarshe ya rufe, Auta ta kawo masa kyamarar zamani, da zoben da zai haɗa ta da tsohon gilashin. Ya ɗaura, ya zauna daram.

Sai dai hoton farko ya nuna na tsakiya fes, na gefe kuma fuskokinsu sun dishe, fararen rigunansu sun koma shunayya. Ya ɗauki kayansa ya nufi wurin mai gyara, tsohon abokinsa.

Mai gyara ya haska gilashin da fitila, ya jujjuya shi. "Lafiyarsa ƙalau, ya fi ka ma lafiya. Ita ma kyamarar ba ruwanta."

"To wa zan kama?"

"Ba kowa. Fim ba ya tsirfa, ta ko'ina haske ya zo masa karɓa yake. Ita kuwa wannan, allon cikinta ƙananan rijiyoyi ne, sai haske ya faɗo a miƙe. Gilashinka a karkace yake jefo na gefe."

"Miƙe min shi mana."

"Haba tsoho! Haka aka ƙera shi. Sai dai ka canza wani."

Ya ari wani ya gwada, amma hannunsa ya kasa gane nisan. Da tsohon, ko bai leƙa ba ya san inda zai kafa ƙafa. Shi ya sa ya koma wa tsohon, yana ce wa mutane, "Ku matso, 'ya'yana, ku ƙara matsowa."

Bana ɗaliban hamsin da biyu ne. Ya jera su layi huɗu, suka matsu har wata ta ce, "Baba, numfashi fa?" Aka yi dariya. Duk da haka mutum shida suka faɗa gefe.

Shugabar makarantar da kanta ta dawo da hoton shago. Ta ɗora yatsa a kan wata doguwa da ke ƙarshen layi.

"Baba, wata uku yarinyar nan tana fama da rigarta. Jiya babarta ke tambayata wa ya rina ta."

Ya buɗe baki zai yi mata bayanin rijiyoyin, ya ji abin ba zai shiga kunne ba. "Zan sake ɗauka," ya ce.

"Sun watse, Baba." Ta sassauta murya. "Na baɗi mun yi magana da wani mai hoton. Ka yi haƙuri."

Ya raka ta har bakin ƙofa, ya ce ta gaida gida. Auta, da ta kawo masa abinci, ta tsaya riƙe da kwano ba ta san inda za ta ajiye idonta ba. Ya karɓa ya ajiye a kan benci. Sannan ya sauko da labulen da mutane ke tsayawa a gabansa in zai ɗauke su hoto, ya jona dutsen guga, ya shiga goge shi tun daga wannan bakin har wancan.