Goran Irin Kawu Usmanu

Labbo taubashina ne, ɗan kawuna Usmanu, don haka in na faɗi wautarshi ba mai hana ni. Tun muna samari bai son gona. Mu mutanen Sabiyal ta ƙasar Aliero albasa munka sani, ita munka gada, shi ko in anka ce a tai ban ruwa sai ciki ya murɗa mishi. Motocin da ke kwasar albasa daga Aliero zuwa Ikko su sunka ɗauke mishi hankali. Ya bi su har ya koyi tuƙi, daga nan ya zauna can.

Aikin da ya samu shi ne jan kwantena a tashar jirgin ruwa ta Apapa. A ɗora mishi ƙaton akwatin ƙarfe a bayan tirela, ya kai ma 'yan kasuwa cikin gari, ya dawo ya sake bin layi. In ya zo gida da sallah ba na raga mishi. Nakan ce wane irin direba ne wanga, da zai kwana a layi don tafiyar da jakina zai yi kafin azahar, ga shi bai ma san abin da ke cikin kayan da ya ɗauko ba? Sai ya yi dariya ya ce aƙalla shi ba ya warin albasa. Wallahi direba ne na ƙwarai, wannan kam ba a ƙwace mishi ba. Yakan shiga da tirela da baya ta lungun da ni ko amalanke ba na shiga da ita.

To, Kawu Usmanu yana da irin albasa nashi na kanshi, wanda ya karɓa hannun ubanshi. Ja ce, ba ta cika girma ba, amma sai ta kai damina cikin rudu, rumbun ajiyar albasa, ba ta ruɓe ba, lokacin da ta kowa ta zama ruwa. 'Yan kasuwa da sunanshi suke nemanta. Albasar da zai bari ta yi fure can nesa yake dasa ta, ƙarshen fadama, don kada ƙudaje su gauraya mishi da ta maƙwabta. In ya sussuke irin sai ya zuba cikin gora da toka, ya toshe da tsumma, ya rataye a ɗakinshi. Wanda duk ya roƙa ya ba shi, amma a gonar wasu shekara biyu take ta lalace. Na asalin yana cikin goran nan kaɗai.

Shekarar da anka yanke muna jiha daga Sakkwato, da bazara, bayan an gama sussuka, Kawu ya rasu. Labbo ya zo zaman makoki. Nan ne ƙanenshi Alu, wanda ke riƙe da gonar, ya yi suɓutar baki. Ya ce yana tunanin ya haɗa irin tsoho da wani da ake sayarwa kasuwar Jega mai manyan kai, ko a samu auki. Labbo ya tashi kamar zai cinye shi. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya da daɗin rai ba, ranan nan shi ne mai kishin albasa. Ya shiga ɗaki ya saukar da goran, ya ce ba mai taɓa shi, zai koma Ikko ya yi sallama da maigidanshi, ya dawo kafin lokacin yafi ya shuka da hannunshi. Alu ya ba shi haƙuri, ya ce magana ce kawai, ya roƙe shi ya rage mishi ko kaɗan. Ni ma na sa baki. Ina, ya riga ya hau.

Lokacin yafi ya zo, ba Labbo. Maigidan ya sayo sabon kan mota ya damƙa mishi, aiki ya buɗe, ya aiko cewa sai baɗi. Hujjarshi ita ce ai tsoho ya taɓa aje iri shekara biyu lokacin fari, kuma ya tsiro. Gaskiya ne, an yi haka. Duk ɗan Aliero ya san iri cikin toka yana jira. Abin da ba wanda ya tuna shi ne, a ɗakin Kawu ne yake jira, inda ko ɗanyen nama ka rataye bushewa zai yi. Ɗakin Labbo kuwa yana bayan tasha, kusa da ruwa, bango na zufa, gishiri na narkewa cikin kwano. Can goran ya yi damina biyu rataye a ƙusa. Alu kuma da ya ga iri na hannun wanshi, sai ya sayar da abin da ya rage cikin rudu gaba ɗaya, bai bar ko kwando na dashe don fidda sabon iri ba.

Shekara ta biyu ya dawo da gaske. Ya aje mota, ya kwaso kayanshi, ya zo da goran naɗe cikin sabon bargo. Na ji daɗi ƙwarai, har na fasa tsokanarshi. Shi da Alu sunka gyara fangali a ƙarshen fadama, wurin tsoho. Da anka buɗe goran ina tsaye. Tokar ta dunƙule, irin yana wani wari kamar tsohon buhu. Na dubi Alu, Alu ya dubi ƙasa. Haka anka yafa.

Labbo ya yi ta ban ruwa safe da maraice. Fangalin kowa ya yi kore, nashi ƙasa baƙa. Mutane sunka fara dashe, yana nan yana ɗibar ruwa. Ya ce wai sanyin Ikko ne ya sa irin jinkiri, zai taso. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausai, har na daina bi ta wajen. Daga baya ya koma Apapa ya ci gaba da jan kwantenarshi, kuma tun daga nan in ya zo gida bai taka fadama.

Amma ina wurin ranar da ya haƙura. Ya durƙusa ya tona fangalin da yatsa, ya fito da ƙwayoyin sun ruɓe, suna murmushewa a hannunshi. Alu na tsaye bayanshi da guga. Yaron nan bai taɓa ɗaga ma wanshi murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

Ya ce, "Yaya, da ka bar mini ko tafi guda."

Labbo bai waiwayo ba. Yana durƙushe ya ce, "Ai ka roƙe ni, Alu. Na tuna ka roƙe ni."