Rabon Kakannin Tonton Gbenu

A mashayar Madam Afiavi da ke Kwatano, Tonton Gbenu na zaune cikin koɗaɗɗiyar rigar kamfanin giyar da aka rufe bara, tumbinsa na neman ɓalle maɓalli. Da ganinsa ka san a kamfanin nan ƙarfinsa ya ƙare. A al'adarsa, ba ya kurɓa sai ya tsiyaya wa kakanni nasu a ƙasa.

Yau giyar 'yan zamani ce a gabansa, mai ɗanɗanon abarba. Ya sansana, ya yamutsa fuska, ya runtse ido ya shanye tas.

"Tonton, yau ka hana kakanni rabonsu?" in ji Madam.

Ya goge baki. "Haba 'yata, laifin me suka yi min?"